Tabar Da Muka Ajiye Don Komawa Gida

Gwangwanayen nan guda biyar sun yi shekara goma sha bakwai a cikin kwalin takalmi a saman durowar kayana, ba wanda ya taɓa su. Da Dokta Sunusi Raki ya iya riƙe bakinsa, da har yau suna nan.

Sunana Halliru Jumare. Injiniya ne ni, ko in ce na taɓa zama, domin a shekarar 2011, lokacin da gwamnati ta ɗaure bakin aljihu, council ɗin, wato ƙaramar hukumar da na yi wa shekara goma sha uku ina duba magudanai ya gano cewa ruwa zai iya gudu ko ba ni. Aka kira ni ofis, wata mata mai taushin murya ta ba ni shayi da biskit biyu da takarda. Ba a ce an kore ni ba, cewa aka yi an sake fasali. Na dawo gidanmu na unguwar Levenshulme a Manchester da rana tsaka, na tarar da matata Rabi'a tana yanka albasa, na ce mata an sake mini fasali. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita ba ta ga canji ba.

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, mai reshe a Manchester da Birmingham, tana da makarantar Asabar da Lahadi inda ake koya wa yaranmu Hausa da karatu, don kada su girma suna gaida kakanninsu da "y'alright". Bayan na yi wata bakwai ina zaman gida, har na san sunan duk wata mage da ke layinmu, sai aka ce ana neman wanda zai riƙe makarantar, kuma da ɗan albashi. Shugaban ƙungiyar Sunusi ne, likitan unguwa a Balsall Heath ta Birmingham, abokina tun muna ɗalibai. Na buga masa waya.

"Haba mutumina," in ji shi, "wannan ai kamar ya zama ne. Ka zo taro kawai, ka sa hula mai kyau."

Na sa hula mai kyau. A wani zaure da ake haya a Rusholme aka yi taron, a saman wani gidan abinci, bas-bas na wucewa a ƙasa tagogi na karkarwa. Mutum arba'in da ɗoriya, maza a gaba, mata a gefe. Da aka gama cin shinkafa aka zo kan sunana, sai Sunusi ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi irin gyaran muryar da likita yake yi kafin ya faɗi sakamakon gwaji.

"Injiniya Halliru ɗan'uwana ne, kowa ya sani. Amma jama'a, I have to be honest, amana amana ce. Mutumin da yake shiga ɗakin katako a tsakar gidansa yana shan taba a lofe, a ɓoye, shi za mu ba yaranmu? Ni likita ne, kullum ina ganin abin da take yi wa mutane. Ni dai Allah ya tsare ni, ban taɓa sa ta a bakina ba."

Wani dattijo ya ce subhanallahi. Wata Hajiya ta ja gyale ta rufe hanci, alhali tsakanina da ita ya kai kujera goma. Aka ba wani ɗalibin PhD aikin, mai bincike a kan hantar kifi.

Shan lofen gaskiya ne, ban musa ba, ba kuma zan musa ba. Abin da ya tsaya mini a wuya kamar ƙaya shi ne maganarsa ta ƙarshe. Domin Sunusi ne ya koya mini.

A 1995 ɗaki ɗaya muke kwana a nan Rusholme ɗin, ɗakin da in ka yi numfashi da safe kana ganinsa. Wani farfesansa yana yawo da lofe, shi kuwa Sunusi tun fil azal in ya ga babban mutum da abu sai ya mallaki irinsa. Ya sayo, ya ƙware, ya zaunar da ni a bakin taga ya koya mini yadda ake cusa taba, da yadda ake kunnawa sau biyu, da yadda ake ja a hankali ba tare da an haɗiye hayaƙin ba. Har ranƙwashi na sha a hannunsa. Wata rana a kantin wani tsohon Bature a cikin gari, tsohon ya ce mana tabar lofe mai kyau, muddin gwangwaninta a liƙe yake, ba ta lalacewa, nuna take yi. Ya ce ku ajiye ta shekara goma ku gani. Muka sayi biyar. A gindin kowanne muka rubuta kwanan wata da harufan farko na sunayenmu, muka yi alƙawari biyu: ba za a buɗe su ba sai ranar da muka koma gida gaba ɗaya, kuma ba mai buɗewa ba da ɗan'uwansa ba. A lissafinmu na lokacin, shekara uku ce ta rage mana a ƙasar nan.

Sunusi ya daina sha a 2008, da ya dawo daga Hajji, na kuma yi masa murna har cikin zuciya. Amma bai bar gwangwanayen ba. Duk zuwansa Manchester, in mata sun shiga kicin, sai ya matso ya rage murya: "Yaran namu fa, suna lafiya?" In ce lafiya lau, suna girma. Ya ce ko bai sha ba, ranar da muka sauka Kano sai ya shaƙi ƙamshinsu.

A mota, muna komawa daga taron, na fara shirya yadda zan yi wa Rabi'a bayani. Ta tari numfashina.

"Abban Zinatu, kar ka wahalar da kanka. Shekara nawa ina wanke rigunanka? Ka zaci na yarda cewa keke kake gyarawa a ɗakin nan, keken da ba shi da taya tun zamanin da aka haifi Zinatu?"

"To me ya sa ba ki taɓa magana ba?"

"Namiji in ba shi da sirri ɗaya, biyu yake nemowa. Shi kuma Dokta, ka bar shi da Allah."

Na ce to. A raina na ce zan bar shi da Allah, bayan na gama da shi.

Ranar Litinin, da Rabi'a ta tafi aiki, yara suka tafi makaranta, na taka kujera na sauko da kwalin. Na ɗauki gwangwani na farko na shiga ɗakin katakon, na rufo ƙofa, na zauna a kan bokitin fenti da ke zaman kujerar mulkina. Murfin ya ɗan kumbura kaɗan, gefensa ya yi ɗigon tsatsa, amma da na gwada shi da yatsa na ji shi gam. Na sa kwabo a 'yar ƙofar da aka yi don haka, na murɗa. Sai da na ƙara ƙarfi kafin ya yi ajiyar zuciya, fus, kamar tsoho ya samu wurin zama.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya fito ba, sai dai in ce ɗakin ajiyar kakata a Zariya, inda take tara dabino da tsamiya da mazarƙwaila, shi ne ya biyo ni har Levenshulme. Takardar da aka naɗe tabar da ita, wadda na san fara ce, ta koma kalar shayi. Tabar da muka saya ruwan zinariya ta yi duhu kamar kilishi, ga wasu ƙananan ƙyalƙyali a jikinta kamar an barbaɗa sukari. Da farko na zaci fumfuna ce. Na kai ta bakin taga na duba: fumfuna gashi-gashi take yi, wannan kuwa walƙiya yake. Zaƙin ganyen ne ya fito waje.

Na ɗiba na baza a takarda ta sha iska kaɗan, na cusa, na kunna, na danne tokar farko, na sake kunnawa. Sabuwar taba tana da ɗan cizo, kamar yaro mai rawar kai. Wannan ba ta da shi. Hayaƙin ya zo da sanyi da nauyi, zaƙi a gaba, ɗan tsami a baya, yana sauyawa kana zuwa tsakiyar lofen. Na yi kusan awa ɗaya a kan bokitin nan, kuma wallahi a cikin awar sau biyu na juya zan ce, "Sunusi, ka ji?" Wannan ya ƙara mini haushinsa.

Kwana goma sha biyu na yi da gwangwanin. Da ya ƙare, na mayar da takardarsa mai launin shayi, na rufe murfin, na sa shi a ambulan mai kauri, na rubuta adireshin asibitin Sunusi, na kai gidan waya da ke Stockport Road. Ban sa wasiƙa ba. Rubutunmu na gindin gwangwanin ya isa wasiƙa. Na zaɓi irin saƙon da sai an sa hannu kafin a karɓa, domin ina so a kira shi daga ɗakin duba marasa lafiya ya fito ya rattaba hannu a kan takaicinsa.

Na zauna jiran waya. Ba ta zo ba.

Na biyu irin tabar nan ce da ake turarawa da hayaƙin itace. Tana sabuwa warinta kamar an ƙona daji, amma shekaru sun lallashe ta, ta koma kamar ƙamshin murhu bayan an sauke tukunya. Na aika. Shiru. Na uku na sha shi da gaggawa, sau huɗu a rana, don ya ƙare da wuri, abin da Sunusi ya taɓa yi mini ranƙwashi a kansa. Harshena ya ƙone, ya yi kamar fatar ganga. Mako guda ba na jin gishiri, ba na jin yaji. Rabi'a ta yi miyar kuka ta tambaye ni yaya, na ce ta yi daɗi, sai ta ce to madalla, dama ta manta ba ta sa daddawa ba.

"Wannan ramuwar taka," in ji ta, "har yanzu kai kaɗai na ga tana ramarwa."

Da Babbar Sallah ya zo nan Manchester, muka haɗu da shi a filin Idi. Na shirya fuskata tun daga gida. Ya rungume ni, ya tambayi iyali, ya tambayi ko an samu wani abu, ya ce in ci gaba da addu'a, kasuwar aiki ce ta yi tsauri ga kowa. Ko ƙyaftawa bai yi ba. Na koma gida na buɗe na huɗu tun ban cire babbar riga ba.

Da na aika na huɗun shi ma aka yi shiru, sai na fahimci gidan waya ba zai yi mini wannan aikin ba. Saura ɗaya. Shi ne murabba'i, ba zagayayye kamar sauran ba, wanda aka matse tabarsa aka yanka ta falle-falle. Sunusi ne ya zaɓe shi da kansa, tsohon kantin kuma ya ce a cikin biyar ɗin shi ne zai fi kowanne girma da kyau. Ranar wata Asabar na sa shi a aljihun kwat, da lofena, da ashana, na hau koci, doguwar bas mai zuwa Birmingham. Ni da na taɓa zuwa garin a motar ofis, ga ni a kujerar baya kusa da banɗaki, wani yaro yana cin soyayyen dankali a kafaɗata. Ban damu ba. Mai zuwa yaƙi ba ya zaɓen jaki.

Bayan azahar na isa gidansa. Matarsa Turai ce ta buɗe ƙofa.

"Lale, lale, Injiniya! Yau kai ne a gidanmu? Ina Rabi'a, ita ba ta san hanya ba? Abban Nuru, fito ga Bazazzaginka!"

Ta kasance a taron ranar, ina jin shi ya sa murnar tata ta ɗan wuce kima. Sunusi ya sauko da jallabiya da tabarau a goshi.

"Mutumin Zariya, haka ake zuwa ba sanarwa?"

"Ɗan autanmu na kawo ya gaishe ka," na ce, na ɗan daki aljihuna.

Ya dubi aljihun, ya dubi ƙofar kicin inda Turai ta shige ɗora shayi. "Mu je lambu, iska ta fi."

Lambun bayan gidan dogo ne siriri, da teburin ƙarfe da kujeru biyu a can ƙarshe kusa da shinge. Muka zauna. Na ciro gwangwanin na ajiye a tsakiyar tebur, na juya gindinsa sama don ya ga rubutunsa na ƙuruciya. Ya daɗe yana kallo.

"Na huɗun nan," ya ce a hankali, "ka bar ɗan ɓurɓushi a ƙarƙashin takarda. Da gangan ka yi?"

Daɗi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Ashe suna isa.

"Ka sha ke nan?"

"Shaƙa na yi. Shaƙa daban, sha daban." Ya cire tabarau ya murza ido. "Suna cikin but ɗin mota, ƙarƙashin safaya. Receptionist ɗina ta zaci samples ne. Halliru, me kake so?"

"Taro mai zuwa ka miƙe, ka gyara riga kamar yadda ka yi, ka ce kai ka koya mini."

"Ka san ba zai yiwu ba. Ni ne chairman. Duk Talata ina da clinic na masu son daina taba, hotona yana jikin bango. Bari in yi magana da committee, a ba ka deputy, ko a ƙirƙiro wani abu."

"Ba aiki na zo nema ba," na ce. Ƙarya nake yi, da ya ce gobe in fara da na ji daɗi, amma ƙaryar ta fito da kwarjini, sai na bar ta. "Ka dai gaya mini dalili."

Ya ce, "Ɗalibin nan scholarship ɗinsa ya tsaya, ga mata ga jariri, kuma surukin yayana ne. Na riga na ba su baki kafin ka bugo. Takardunka sun fi nasa, kowa ya gani. Ba ni da hujjar da zan hana ka, sai na ɗauki wadda ke kusa da hannu."

"Da ka tsaya a nan, da na haƙura. Amma har da Allah ya tsare ka?"

"Baki ne ya zarce."

"To nawa hannu ne zai zarce." Na ciro kwabo.

Ya kama wuyan hannuna. "Kar ka yi. Don Allah. Ka san tsohuwar taba in ta sha iska, mako biyu ne, uku in ta daɗe, duk abin da ta tara ya tashi. Shekara goma sha bakwai fa, Halliru. Mun ce sai a gida."

"Wane gidan? Nuru ɗinka ko sunan unguwarku bai iya faɗa ba."

Na zare hannuna na sa kwabon na murɗa. Wannan bai yi fus ba, wata doguwar shessheka ya yi kafin murfin ya saki. Na buɗe takardar. Fallayen suna jere kamar an shirya su jiya, baƙaƙe wuluk, sun ɗan manne da juna, farin ƙyalƙyalin ya bi gefensu kamar zare. Ƙamshin bai tashi sama ba, kwanciya ya yi a kan teburin: dabino, da zabibi, da wani abu kamar burodi mai zafi. Sunusi ya rufe ido. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Ni na daina," ya ce, ba da ni yake ba.

"Na sani. Kallo kawai za ka yi."

Nan na yi abin da na kwana uku ina shiryawa. Na sa yatsu na fizgi falle biyu kamar mai yagar tsire, na dunƙule su a tafin hannu, na fara tura su cikin lofen da babban yatsa, da ƙarfi, kamar mai toshe rami.

Idonsa ya buɗe. "Me kake yi haka?"

"Cusawa nake."

"Ba ka murza ba! Ba ka bar ta ta sha iska ba! Haka za ka danne ta, ta ina iska za ta bi?"

"Haka nake yi kullum."

"Haka ka yi wa sauran huɗun?" Muryarsa ta tashi. "Inna lillahi. Kai wannan ai kisan kai ne. Shekara nawa ina gaya maka, hannunka kamar na mai haƙar kwata. Kawo nan!"

Na san malamina. Sunusi zai iya jure zagi, zai iya jure gwangwani huɗu babu komai a ciki, amma ba zai iya zama yana kallon ana ɓata aiki ba. Ya fizge lofen, ya zazzage abin da na cusa a kan murfin, ya zaro sabon falle da farce a hankali kamar mai cire ɗinki. Ya sa shi tsakanin tafukansa ya murza, ya baza, ya ɗaga ya sake saki. Hannayen nan ba su manta komai ba. Ya zuba kashin farko sako-sako, ya ɗan taɓa, ya ƙara, ya danna kaɗan, yana yi yana faɗa.

"Ka gani? A ƙasa sakwa-sakwa, a sama ne ake ɗan matsawa. Sannan kafin ka kunna sai ka gwada ja, ka ji ko iska tana wucewa."

Ya sa lofen a baki ya ja.

"Abban Nuru?"

Turai ce tsaye a bayansa da tire, da butar shayi da kofi biyu da cincin. Shi bai san tun yaushe take wurin ba. Ni dai na hango fitowarta tun daga ƙofar kicin, kuma Allah ya sani ban ga dalilin katse malami yana tsakiyar darasi ba.

Sunusi ya cire lofen daga baki, ya riƙe shi kamar wani ne ya ba shi ajiya. "Ina nuna masa illarta ne."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ajiye tiren, ta sunkuya kan gwangwanin, ta shaƙa sau ɗaya, ta sake shaƙa. Fuskarta ta sauya, ba irin ta fushi ba tukuna, irin ta mai ƙoƙarin tuna inda ya san wani.

"Na san wannan ƙamshin," ta ce. "Shi ne a jikin rigunanka lokacin da kake zuwa hutu, kana zuwa zance gidanmu. Har wasiƙunka shi suke yi." Ta miƙe tsaye. "Ka ce mini turaren Ingila ne. Da na zo ƙasar nan kanti uku na shiga ina nema in saya maka, ina kwatanta wa Turawa da hannu. Ka ce in bari, kamfanin ya rufe."

"Turai, wannan tsohon zance ne..."

"Injiniya," ta juyo gare ni, "tsakaninka da Allah, a cikinku wa ya koya wa wani?"

Na ɗauki cincin ɗaya. "Hajiya, ni baƙo ne a gidan nan. Ga mai gida."

Bas ta wuce a titin baya. Sunusi ya dubi shinge, ya dubi sama, ya dubi lofen da ke hannunsa, babu wanda ya taimake shi.

"Ni ne," ya ce.

"Ban ji ba."

"Ni na koya masa."

"Kai ne kuma ka tashi a gaban mutane, ina zaune ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, ina cewa mijina mai gaskiya." Ta zuba shayi a kofi ɗaya, ta sa madara, ta turo mini. Ɗaya kofin ta mayar kan tire ta ɗauke abinta. Tana tafiya tana laluben waya a aljihun zaninta, kafin ta kai ƙofa na ji tana cewa, "Hajiya Batulu? Kina zaune? To zauna."

Sunusi ya dafe kai. "Ka san wace ce Batulu? Ita ce women's secretary. Na mutu."

"Ba ka mutu ba, fasali aka sake maka. Miƙo."

Ya miƙo lofen. Na kunna, na danne, na sake kunnawa. Ban taɓa shan lofen da aka cusa da kyau irin wannan ba, dole in ba shi haƙƙinsa. Wuta ta kama a ko'ina daidai, hayaƙin ya zo a sanyaye, mai kauri, har harshena da ya sha wuya ya farfaɗo ya karɓi baƙo. Zaƙin ba irin na alewa ba ne, irin na dabinon da ya kwana biyu a buhu ne, daga baya wani ɗan yaji-yaji ya biyo. Na jingina da kujera. Iska tana kaɗawa daga wajena zuwa wajensa, wannan kuma ba ni na shirya ba, kyauta ce. Ya zauna a cikin hayaƙin, bai matsa ba, sai can da na kai rabi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "A hankali. Kana saurin ja."

Na rage sauri. Minti hamsin na yi, har ta zama farar toka.

Da na tashi tafiya na ƙirga fallayen da suka rage, goma sha takwas. Na ɗebi tara na naɗe a takarda na sa a aljihu. Sauran taran na bar su a gwangwanin, na tura shi gabansa.

"Rabonka ne. Ni ba na cin amana."

"Me zan yi da shi? Ka san na yi rantsuwa."

"Kai ka ce mako biyu, uku in ta daɗe. Sai ka zauna ka yi shawara." Na ɗauke lofena da ashanata.

Koci bai kai rabin hanya ba wayata ta yi ƙara. Rabi'a ce.

"Abban Zinatu, me ka je ka yi a Birmingham? Hajiya Batulu ta bugo, Murja ta bugo, yanzu ga wata tana jira a layi. Wai an kama Dokta da lofe a baki, wasu ma sun ce har da hayaƙi ta hanci."

"Bai kunna ba. A faɗi gaskiya."

"Oh, yau kai ne mai kare shi? To ka huce?"

Na taɓa ƙunshin da ke aljihuna, na dubi gonakin da ke wucewa a taga. Na binciki zuciyata sosai ko zan sami nadama, domin an ce ana samu. Ban samu ba.

"Na huce," na ce.

"Madalla. Litinin ƙarfe tara da rabi ana jiranka a Jobcentre, ofishin neman aiki. Kuma ka tsaya a Stockport Road ka sayo madara."